Tambaya ta Uku

Bosso, Minna
9 ga Satumba, 1991

Zuwa ga ƙawata Liyatu Jonah,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin koma Zungeru lafiya, kin tarar da Mama da yara lafiya. Mu nan sai godiyar Allah, in ban da ruwan sama da ya hana mu shanya mako guda cur.

Ke dai bari, har yau in na tuna ranar nan sai in yi ta dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Shekara goma sha uku ban sa ki a ido ba, sai ga mu mun koma ɗalibai da girmanmu a kwas ɗin malamai na lokacin hutu. Malam Ndaliman yana haɗa mu biyu-biyu a darasin rubutu, sai na ji ya ce Saudatu Munzali da Liyatu Jonah. Na waiga in ga wace Liyatun ce, na ga wata mata tana hararata ta saman tabarau, irin hararar da na sani tun a Layin Reluwe. Kin dai ga yadda na manta cewa a aji nake.

To, ga labarina nan na ba Sanda direban motar Zungeru ya kawo miki, shafi biyar, na sa masa suna "Layinmu". Bari in tuna miki dokar Malam, don ranar na ga kina gyangyaɗi. Ba yabo, ba gyara. Tambaya uku kawai za ki rubuta da jan biro a gefen takarda, ni kuma in amsa su a cikin labarin, ba da baki ba. In mun koma a hutun Disamba za a miƙa tsohon rubutu da sabo tare, ya duba ko an amsa. Naki labarin na ranar da kika fara koyarwa a gindin ɗorawa yana cikin ambulan ɗin da tambayoyina. Na tausaya miki, ban sa masu zafi ba, ke ma sai ki ji tsoron Allah.

Wallahi Liya, da nake rubutun nan sau biyu ina ajiye biro. Ƙofofi goma sha biyu a jere suna kallon layin dogo, famfo ɗaya, mangwaro ɗaya. Na sa yadda muke gane jirgin Baba tun daga nesa, in ya busa sau biyu dogo sau ɗaya gajere, mu zuba da gudu. Na sa shekarar da aka yi jiha, manyan motoci suna shigowa daga Sakkwato da kabad-kabad na takardu, muna tsaye bakin titi muna ƙirga su. Na sa Baba Jonah yana dawowa daga Loko, wurin gyaran injunan jirgi, hannu duk baƙin mai, yana riƙe wa Baba ƙafar rago ranar Sallah, ranar Kirsimeti kuma Baba ya ɗauki wuƙarsa ya yanka muku akuya a gindin mangwaron nan don kowa a layin ya ci. Inna da Mama kuwa turmi ɗaya, tsintsiya ɗaya, wannan ta yi wa wannan kitso suna gulmar mazansu.

Makon jiya na bi ta layin. An sare mangwaron, ciyawa ta cinye dogo, wanda ke ɗakinku ya buɗe shagon faci. Na tsaya kamar wata baƙuwa har wata mata ta tambaye ni wa nake nema.

Ina ƙara yi miki ta'aziyyar Baba Jonah, sai a bakinki na ji. Tun da namu Baban ya rasu shekara biyar ke nan Inna tana wurina. Na gaya mata na gan ki. Tana tsintar wake, ta ɗago ta kira sunan Mama, ta ce Magdalina na nan da rai? Na ce tana nan. Ta yi hamdala, ta mayar da kanta kan tire. Kin san yadda su biyun suka rabu, ba sai na faɗa ba.

Ki gaishe mini da Mama da kyau, da maigida da yara.

Taki har kullum,
Saude

*

Zungeru
21 ga Satumba, 1991

Zuwa ga Saudatu,

Ina gaishe ki da fatan Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ku lafiya. A gaishe da Inna, a yi mata sannu da jiki.

Saƙonki ya iso. Sanda ya kawo shi har makaranta, ambulan ɗin yana warin kifi. Na gode da tambayoyinki, musamman ta biyu. Gaskiyarki ne, na rubuta yara arba'in ban kira sunan ko ɗaya ba. Zan gyara.

Na karanta naki sau biyu. Malam ya hana yabo, saboda haka ba zan gaya miki cewa na yi dariya a wurin da kika kwaikwayi Hausar Mama ba, yadda take kiranki "Saude, ka zo ka ci abinci." Har yanzu haka take, jikokinta sun gaji da gyara mata. Jan birona ya kusa ƙarewa, don haka zan maimaita tambayoyin a nan ko ba su fito sosai a gefen takardar ba.

Ta farko. A shafi na ɗaya kin ce layinmu yana da daɗin zama har sau huɗu. Wanda bai taɓa zuwa ba, me zai ji a hancinsa in ya shigo da safe?

Ta biyu. Daga farko har ƙarshe "muka yi" ne da "muka je". Ina Saudatu ita kanta? Me ta yi da hannunta?

Ta uku. Shafi na huɗu ya ƙare da Babbar Sallah ta 1977. Shafi na biyar ya fara da ranar da aka loda kayanmu a tarago zuwa Kafanchan, cikin watan Maris, bayan an yi wa Baba canjin wurin aiki. Kin rubuta cewa Inna da Mama sun yi ban kwana suna kuka. Ina wurin, Saudatu. Ba wanda ya yi kuka. Inna ta tsaya daga bakin ƙofarta ta ce Allah ya kiyaye hanya, Mama ta ce amin ba ta juyo ba. Ban ce kin yi ƙarya ba, tunda an hana gyara. Tambaya nake yi. Me ya faru tsakanin shafi na huɗu da na biyar?

Na san za ki ce na faye tsanani. Tun muna yara kike faɗa. Amma aikin da aka ba ni ke nan, kuma ke kika zaɓi rubuta layin, ba ni ba.

Mama tana wurina tun bayan rasuwar Baba. Idonta ya yi rauni, ba ta zuwa ko'ina sai coci, shi ma sai an riƙe ta. Yawanci tana zaune a baranda, in jirgi ya hau gada ta ce a yi shiru ta ji. Yanzu sai a yi kwana uku bai wuce ba. Na isar mata da gaisuwarki, ta amsa da fara'a, ta ce ashe Saude ta zama malama, waye zai iya da surutunta a aji. Sannan ta tambaya ko gwiwar Innarku Azumi ta daina ciwo. Na ce ban sani ba, amma zan iya tambaya. Ta ce a'a, in bari, kada in tayar da zancen.

Su biyun sun tsufa. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai tun da na rufe takardarki.

Ubangiji ya kiyaye mu.

Ni ce,
Liyatu

*

Bosso, Minna
30 ga Satumba, 1991

Malama Liyatu mai jan biro,

Ina gaisuwa, ina kuma miƙa wuya. Ashe in aka ba mutum jan biro sai ya koma alƙali. Ni na lallaɓa ki, ke kuwa kika zare mini ido. Ba komai, akwai gaba.

Tambayarki ta farko ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na zauna na rufe ido sai ga layin ya dawo mini ta hanci. Man jirgi da ke tashi daga Loko, ƙosan matar nan Banufiya da ke soyawa a bakin famfo, hayaƙin itace jiƙaƙƙe, da sabulun da Baba Jonah ke wanke hannu da shi wanda ba ya taɓa fitar da baƙin. Na cire "daɗin zama" guda uku, na bar ɗaya don kada ki ce kin yi nasara gaba ɗaya.

Ta biyu ma na amsa. Na sa ranar da na hau mangwaro da sabon zanen Sallah, reshe ya karye na faɗo cikin kwatami, Mama ta wanke ni ta ɓoye ni a ɗakinku har zanen ya bushe don kada Inna ta gani. Ga Saudatu nan da hannunta da ƙafarta, sai ki huta.

Ta uku ce ban ga amfaninta ba. Malam shafi biyar ya ce, ba littafi ba. Kuma labari ai ba kotu ba ne. Kowa in zai ba da labarin rabuwa yana ɗan sa masa gishiri, wa zai so karanta cewa mata biyu sun yi sallama kamar a tashar mota? In kukan ne ya dame ki, na cire shi, na ce sun yi ban kwana kawai. Abin da ya shiga tsakanin manya ba namu ba ne, mu yara ne a lokacin. Ni so nake in ajiye layin nan a takarda yadda yake da kyau, tunda a ƙasa babu shi yanzu. Haba Liya, ko wannan ma ba za a bar mini ba?

Ga shawara. Ki soke ta ukun, ki rubuta wata. Ki tambaye ni launin ƙofarmu ko sunan karen gadin tasha, zan ba ki shafi guda. Malam Ndaliman ba zai sani ba, shi da ke da takardu sittin a gabansa.

Gwiwar Inna tana nan, damina ta fi tayar mata. Ban ce mata an tambaya ba.

Ga alkaki nan a ba yara, ba toshiyar baki ba ce, amma in ta yi aiki ba zan yi fushi ba.

A gaishe da Mama.

Taki,
Saude

*

Zungeru
8 ga Oktoba, 1991

Saudatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yara sun gode da alkaki, sun cinye tun ranar. Tambayar tana nan inda take.

Kin ce abin na manya ne. To, bari in rubuta miki abin da na gani, in kuma na yi kuskure ki ɗauki naki jan biron.

Ana gobe Kirsimetin 1977 aka aiko wa Baba Munzali cewa wani direba ba shi da lafiya, shi zai ja jirgin kaya zuwa Kaduna da sassafe. Baba ya ji labari a Loko. Akuyar nan tun daga kasuwar Gwada ya sayo ta, wata biyu muna ba ta dusa. Ya ce shekara goma sha ɗaya hannu ɗaya ke yi masa yanka, ba zai canja ba, kuma ba zai ci nama maƙwabtansa suna kallo ba. Gari bai gama wayewa ba ya ja ta har Loko. Baba Munzali ya idar da sallar asuba, ya yanka ta a bayan rumfar injuna, ya wanke hannu ya hau jirginsa. Baba ya ɗoro ta a keke ya biyo ta bayan layi, shi ya sa ba a ga jini a gindin mangwaro ba a shekarar.

Mun dawo daga coci Mama ko ɗankwali ba ta canja ba ta hau zuba abinci. Langar gidanku ita ce ta farko kullum, mai furen nan shuɗi. Ta zaɓi hanta da cinya ta ɗora kan shinkafar, ta ce Azumi tana son wurin da ya ɗan kama. Ni na kai. Ke kika karɓa a ƙofa.

Ba a yi rabin awa ba sai ga ki da langar a hannu. Kika durƙusa kamar yadda aka saba, kika ce, "Inna ta ce a gode, amma bana ba za mu ci ba, tunda ba Baba ne ya yanka ba."

Mama ta buɗe murfin, ta ga ko cokali ba a sa ba. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya faru a Loko, ta damƙe mini hannu har sai da ya yi shaida. Ta ce miki, to, ki ce mata na ji. Bayan kin fita na tambaye ta don me ta hana ni magana. Ta ce mijin Azumi ne ya yi yankan, in akwai wanda ya sani a layin nan ai ita ce, dalili kawai take nema. Ta ce in bayan shekara goma sha ɗaya sai ta kawo shaida kafin Azumi ta ci abincinta, to a bar shi. Ta gargaɗe mu kada Baba ya ji, don kada a ɓata tsakanin maza. Har ya mutu bai sani ba. Ranar kowa ya ci ya sha, ita kuwa ta ce kanta ke ciwo.

Ba ta daina gaida Inna ba, kin sani, amma ta sayi nata turmin. Abin da ba ki sani ba shi ne, tun daga ranar Mama ba ta sake aika wa wani maƙwabci abinci ba. Ba a Kafanchan ba, ba a nan ba. Matar da take dafa tukunya uku don layi guda, yanzu awo take yi daidai bakin gida. In Kirsimeti ya matso sai ta yi ta faɗa da kowa ba dalili. Bara ina yi mata kitso ta ce, ba tare da na tambaye ta ba, har yau ba ta san abin da ta yi wa Azumi ba.

Ban riƙe ki da komai ba, aike aka yi ki. Amma ke kaɗai kika ji abin da Inna ta faɗa a cikin ɗaki kafin ki fito da langar nan. Shi nake so ki rubuta. Ko me ne ne, Mama ta cancanci ta ji dalili kafin ta bar duniya. Maki na Malam Ndaliman bai dame ni ba.

In na ɓata miki rai ki yi haƙuri.

Liyatu

*

Bosso, Minna
14 ga Nuwamba, 1991

Liyatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama in har za ta amsa gaisuwata bayan ta ji abin da ke cikin takardar nan. Mako biyar ina ɗauke da wasiƙarki a jaka. Sau uku Sanda yana tsayawa a ƙofar makarantarmu ya tambaya ko akwai saƙo, ina cewa babu.

Kin ce aike aka yi ni. Ba wanda ya aike ni, Liya. Inna ba ta faɗi komai a cikin ɗaki ba, don ba ta ma cikin ɗakin. Tun da safe ta tafi bikin suna a nan Bosso, lokacin Bosso tana ƙauye, sai an yi tafiya. Ni kaɗai ce a gida da ƙannena.

Shekarata goma sha biyar, na dawo hutu daga makarantar kwana kaina ya kumbura, ina ganin na fi kowa a layin sanin addini. Na san Baba ya tafi tun asuba. Na leƙa gindin mangwaro ban ga jini ba, ban ga fata a shanye ba. Sai na yanke hukunci ni kaɗai cewa Baba Jonah ne ya yanka da kansa. Ban tambayi kowa ba, ko ke da kika miƙo mini langar. Na ajiye ta ina kallo, ƙamshi yana dukana, ƙannena suna kuka a ba su, ni kuwa ina jin kaina wata babbar malama. Kuma kin san yarinya ba ta isa ta mayar wa babba da abinci da sunan kanta ba. Shi ya sa na ɗauki sunan Inna na sa a gaba.

Inna ta dawo bayan la'asar. A gidan sunan an yi tuwon shinkafa da miyar taushe, an yi ta fama da ita ta ci, ta ce a'a, ta bar wa shinkafar Magdalina wuri. Da yunwarta ta shigo, tana cire mayafi tana tambaya ina langar. Nan tsoro ya kama ni. Na ce ba a aiko ba. Ta ce wataƙila aiki ne ya yi musu yawa, ta ɗauki tabarma ta zauna kusa da ƙofa. Tana gani kina wucewa da kwanuka zuwa ƙofa ta bakwai, ta takwas, har gidan gadin tasha. Da aka kira magariba ta naɗe tabarmar, ta jiƙa gari ta sha.

Kin ba ni labarin Loko kamar sabon labari. Na sani. Tun kwana uku bayan nan na sani. Baba ya dawo daga Kaduna yana dariya, yana ba Inna labarin yadda Jonah ya jawo akuya har wurin aiki kamar mai kai ƙara. Ya tambaye ta ko naman ya yi daɗi. Inna ta ce ya yi, Allah ya saka musu, don kada ta kunyata ƙawarta a gaban miji. Ina bayan ƙofa ina wanke-wanke. Da a ranar na fito na faɗi gaskiya, iyakarta a yi mini duka, su biyu su yi dariya, a wuce wurin. Amma ban fito ba. Na ce gobe. Ina ta cewa gobe har na ga taragonku ya wuce sigina.

Tun daga nan nake ba da labarin layinmu ga duk wanda zai saurara, mijina har ya haddace, kuma kullum ina tsallake ranar nan. Na saba tsallakewa har na fara mantawa akwai ta. Duk surutun da na cika miki takarda da shi a wasiƙar baya, tsoro ne.

Na sake rubuta labarin. Ya zama shafi bakwai, Malam ya rage makin in ya ga dama. Babu sauran "muka" a shafi na biyar, ni ce daga sama har ƙasa. Da na gama na ga ba daidai ba ne wani malami ya karanta kafin mai sunan da na ara ta ji. Ranar Lahadi bayan la'asar na sami Inna a tsakar gida na karanta mata.

Na zaci za ta zage ni, da ma ta yi. Ba ta katse ni ba har ƙarshe. Sai ta ce in koma wurin da Mama ta zaɓi hanta da cinya in sake karantawa. Na sake. Ta daɗe tana murza gwiwarta, sannan ta ce, "Duk shekarun nan ina cewa Magdalina ta tsallake ƙofata a gaban layi, ashe ita tana can tana cewa na mayar mata da abincinta. Saudatu, kin san abin da kika raba kuwa?"

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ko abinci sai ta hannun jikarta take karɓa. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ni da nake da 'ya'ya huɗu. A rana ta uku ina shirin fita ta kira ni ta tambaya awa nawa ne zuwa Zungeru, kuma ko hanyar za ta bar mai ciwon gwiwa. Na ce zan kai ta ko yau. Ta ce a'a. Sunanta aka kai ƙofar nan, ko da ba da saninta ba, don haka ba za ta je ba sai in Magdalina ce ta ce ta zo. Ta ce ba za ta iya sake tsayawa a bakin ƙofa a amsa mata da baya ba.

Ga labarin nan. Ki karanta wa Mama duka, kada ki tausasa komai don ni. Ba na neman ta yafe mini yanzu. Inna nake roƙa wa, ita ba ta yi komai ba.

In kina da tambaya ta huɗu, ki rubuta, zan amsa.

Saudatu

*

Zungeru
19 ga Nuwamba, 1991

Saude,

Gaisuwa. Sanda yana jira a waje, injin motarsa a kunne, don haka ba zan tsawaita ba.

Ni kaina ina fushi da ke, kuma zan ɗan daɗe ina yi. Wannan tsakaninmu ne, za mu yi shi a Disamba.

Na karanta wa Mama jiya a baranda, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Da na zo wurin da kika ce ba Inna ce ta aike ki ba, ba ta motsa ba. Da na zo wurin tabarma da garin da Inna ta jiƙa, sai ta ce in tsaya. Ta rufe fuskarta da zane. Ban taɓa ganin Mama tana kuka haka ba, ko ranar da aka binne Baba. Abin da take ta maimaitawa shi ne, ashe Azumi da yunwa ta kwana, ƙofa biyu tsakaninsu.

Game da ke, ta ce Saude yarinya ce a lokacin, amma za ta ja miki kunne da hannunta, ki zo da shi.

Ta ce a gaya wa Azumi ta zo. Na ce mata ko a bari sai Kirsimeti, tunda ya kusa. Ta ce ita ba ta da tabbacin Kirsimeti, Asabar ɗin nan take so. Yau da safe ta sa an sauko da babbar tukunyar da ke kan rumfa tun zuwanmu garin nan, ta aike ni in gaya wa maƙwabcinmu Malam Kudu ya wasa wuƙarsa.

Ku hau motar farko, ku ce a ba Inna gidan gaba saboda gwiwa. Mama ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa: a gaya wa Azumi kada ta ci komai kafin ta taso.

Sai kun iso.

Taki,
Liya